Idan Liman Ya Ci Amana, Ina Makomar Sallar Mamu?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wata tambaya ce da gwaggona ta yi mini a hutun da ya wuce, na kuwa kasa amsa mata nan take, duk da tarin littattafan da nake taƙama da su. Tun da na komo makaranta tambayar nan take cina, don haka na ga ya kyautu in baje ta a wannan fili namu, mu taru mu duba ta tare.

Ƙauyenmu yana ƙasar Bagudo, a ƙetaren kogin Kwara, can wajen da mutum zai karya kumallo a Nijeriya ya ci abincin rana a Jamhuriyar Benin ba tare da babur ɗinsa ya yi zafi ba. Muna da liman wanda ya fi shekara 20 yana ba mu salla. Wani magidanci ya rasu ya bar 'ya'ya ƙanana da 'yan shanu, liman ya raba gado, aka kuma bar rabon marayun a hannunsa, don a ganin kowa babu inda ya fi nan aminci. Da babban yaron ya tasa ya so aure, ya je neman shanunsa, sai aka tarar an daɗe da kora su ƙetaren iyaka an sayar, kuɗin kuma sun narke cikin fataucin man fetur na jarka. Saniya kuwa in ta ƙetare iyakar nan, sai dai labari. Gari ya rabu biyu. Dattawa suka ci gaba da bin liman, suna cewa rufin asiri ya fi. Samari suka kafa rumfar zana a bakin kasuwa suka tsai da nasu limamin. Ana cikin haka gwaggo ta kira ni ɗakinta ta ce, "Kai ɗan boko, zo ka gaya mini. Mutumin nan shi ya ɗaura wa ɗiyata aure, shi ya raɗa wa jikokina suna, shi ya sallaci mijina. Yanzu duk waɗannan sun tashi a banza ke nan?"

To, jama'a, amsa iri biyu ce ke saurin zuwa bakin mutane, kowace kuwa tana da daɗin faɗi. Ta farko ita ce maganar nan da muka tashi muna ji, wai a bi abin da malam ya ce, kada a bi abin da malam ya aikata. Masu wannan ra'ayi suna ganin rawani shi ke magana, mai rawanin ko yaya yake ba ruwan kowa. Ta biyu ita ce wadda aka fi ji a ɗakunan kwananmu na jami'a, wato malamai duk kanwar ja ce, in kura na maganin zawo ta yi wa kanta, saboda haka a watsar da su da abin da suke faɗi gaba ɗaya. A ganina duka biyun sun yi kuskure iri ɗaya, domin sun ɗauki malanta kamar abu guda ne dunƙulalle, wanda ko dai a haɗiye shi duka ko a tofar da shi duka. Alhali in muka lura, abu uku ne jama'a ke danƙa wa malami. Akwai ibadar da yake jagoranta, akwai ilmin da yake isarwa, akwai kuma amanar dukiya da hukunci da ake sa masa a hannu. Laifinsa ba ya taɓa waɗannan uku daidai wa daida.

Mu fara da ibada, tun da ita ce ta hana gwaggo barci. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasarmu da ƙetaren iyaka duka, sun daɗe da tattauna salla bayan fasiƙi. Shaihu Halilu, mai Muhtasar, ya lissafa ta cikin sallolin da suke ɓaci. Amma masu sharhi da suka biyo baya, irin su Shaihu Ahmad Dardir na Masar wanda ya rasu a 1786, sun bayyana cewa abin dogaro shi ne sallar ta inganta, sai dai makaruhi ne a gabatar da irin wannan mutum. Sun ware wuri guda, wato in fasiƙancin ya shafi ita kanta sallar, kamar limamin da zai shiga gaba da gangan ba shi da alwala. An kuma ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya yi salla bayan Hajjaju ɗan Yusufu, mutumin da zaluncinsa ya zama abin misali a tarihi. Hikimar a fili take. Mai salla ba liman yake bauta wa ba, kuma da ingancin ibadar kowa ya rataya ga tsarkin zuciyar wani, da babu mai kwana da tabbacin ya taɓa yin salla, domin ba wanda ke ganin zuciyar ɗan'uwansa. Aure ma haka ne. Abin da ke tsai da shi waliyyi ne da sadaki da siga da shaidu, liman addu'a yake yi da sanarwa. Suna haƙƙin uba ne, liman ya faɗa wa jama'a ne kawai. Sallar gawa kuwa roƙo ne da sahu duka ya yi wa mamaci.

Wannan matsala ba a kanmu aka fara ta ba, ba kuma ta Musulmi ce kaɗai ba. A Afirka ta Arewa, bayan tsanantawar da Sarkin Rum Diyokiletiyan ya fara yi wa Kirista a shekara ta 303, wasu limaman coci sun ji tsoro sun miƙa littattafansu masu tsarki ga hukuma. Da ƙura ta lafa, sai wata ƙungiya da aka sani da mabiya Donatus ta ce duk baftismar da irin waɗannan limamai suka yi ba ta yi ba, sai an sake. Agustin, bishop na garin Hippo, inda birnin Annaba na Aljeriya yake a yau, ya tsaya a kan cewa albarkar aikin daga Ubangiji take zuwa, hannun limami hanya ce kawai. An yi babban taro a Kartaj a shekara ta 411 aka ba ɓangarensa gaskiya, amma rabuwar ta riga ta cinye shekara ɗari, gari ɗaya coci biyu, kamar dai masallacinmu da rumfar zana. Ashe hankalin mutane, ko'ina suke, yakan iso wuri ɗaya a kan wannan gaɓa.

Sai abu na biyu, wato ilmi, a nan ne kuma maganar a bi abin da malam ya ce take fara tangal-tangal. Gaskiya ne cewa magana in gaskiya ce, gaskiya ce ko daga bakin wa ta fito. In ɓarawo ya ce sata haramun ce, bai yi ƙarya ba. Amma fa manomin albasa a fadamar Illo, ko bafulatanin da ke kiwo a dajin Ka'oje, ba shi da hanyar da zai buɗe littafi ya tantance abin da aka gaya masa. Ya dogara ne ga amincin mai faɗi. To, in mai faɗin ya nuna cewa son zuciyarsa yana rinjayarsa a kan shanu, me zai hana ya rinjaye shi a kan fatawa, musamman fatawar da ta shafi aljihunsa? Wannan ne ya sa Alƙur'ani, a aya ta 6 ta Suratul Hujurati, ya umurci a bincika labarin da fasiƙi ya kawo. Shi ya sa kuma malaman hadisi suka kafa fanni sukutum na auna masu ruwaya, suna bayyana wane amintacce ne, wane maƙaryaci ne, ba su ɗauki wannan cin naman kowa ba. Alƙali ma ba ya karɓar shaidar wanda adalcinsa ya zube. Saboda haka abin da malami mai laifi ya faɗa wanda kowa ya san shi, kamar wajabcin salla da azumi, yana nan daram. Abin da kuwa sai ta bakinsa za a ji, wajibi ne a nemi tabbaci wurin wani.

Na uku shi ne amanar dukiya da hukunci, kuma a nan babu wani dogon zance. Wanda aka ba ajiya ya ci, ba a sake ba shi, ko rawaninsa ya kai girman kwando. Suratun Nisa'i ta yi kashedi mai tsanani ga masu cin dukiyar marayu, ta kuma yi umurni a kafa shaidu ranar da za a miƙa musu kayansu. Ba ta ware malami ba. Hasali ma muƙamin ƙara nauyin laifin yake yi, domin shi ne ya jawo masa amanar tun farko. Ba don limanci ba, wa zai ba shi shanun?

Mu mutanen Bagudo muna ƙarƙashin masarautar Gwandu ne, saboda haka ba sai mun je nesa neman misali ba. Tun kafin jihadi, Shaihu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya gargaɗi Askiya Muhammadu na Songai a kan miyagun malamai, ya nuna masa cewa da halinsa ake gane malamin ƙwarai, yawan karatu kaɗai ba ya isa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗauki wannan gargaɗi ya yi ta maimaita shi a kan malaman fada na zamaninsa. A littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da ke tara almajirai a waje don neman suna, suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Amma shi wannan Shehun ne kuma ya saɓa wa malaminsa, Malam Jibrila ɗan Umaru, wanda yake ganin manyan zunubai suna fitar da mutum daga Musulunci. Shehu ya rubuta cewa zunubi daban, kafirci daban, bai kuma daina girmama malamin nasa ba. Ga darasi biyu a wuri ɗaya: ana iya tsananta suka ga mai laifi ba tare da an kore shi daga addini ba, ana kuma iya gyara wa malami kuskure ba tare da an zubar da darajarsa ba.

Babban misali shi ne na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai Gwandu. An yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka ci nasara a Tafkin Kwatto a shekarar, amma ba a yi shekara huɗu ba sai da Malam Abdullahi ya ga abin da ya tayar masa da hankali a cikin jama'arsu. Kamar yadda ya bayyana daga baya a Tazyinul Waraƙati, mutanen kirki da yawa sun ƙare a fagen fama, waɗanda suka rage kuma hankalin da yawansu ya koma ga mulki da tara dukiya da ƙwaraƙwarai da tufafin ado. Wajen shekarar 1807, ana kan hanyar yaƙin Alƙalawa, ya sulale ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya iso Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, jama'a suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake tafiyar da shari'a. A nan ya rubuta Liya'ul Hukkami, ya karantar da tafsiri, daga baya ya komo gida. Ku duba fa, lalacewar shugabanni ba ta sa ya ce abin da aka yi jihadi dominsa ƙarya ne ba. Abin da ya yi shi ne ya zauna ya rubuta ƙa'idodin muƙami, don a sami ma'aunin da za a riƙa auna mai riƙe da shi.

A gefe guda kuma ga Malam Abdussalami na Gimbana, malami ne babba, yana cikin na farko-farkon da suka sha wuya saboda bin Shehu. Shi ma ya yi kukan rashin adalci, amma sai ya zaɓi tawaye a Kware a 1817, bayan rasuwar Shehu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yaƙe shi, ya rasu a 1818 sakamakon raunin da ya samu, sauran mabiyansa suka tare a Kalambaina aka sake zubar da jini. Ba ina cewa kukansa ba shi da tushe ba ne, labarin ma mafi yawansa ta alƙalamin wanda ya ci yaƙin muka same shi. Abin lura shi ne mutum biyu sun ga ciwo iri ɗaya. Littafin ɗaya har yau ana karanta shi a zaurukanmu da jami'o'inmu, ana kafa hujja da shi a kan masu mulki. Na biyun kuwa abin da ya biyo bayan hanyarsa kaburbura ne.

Wani zai ce, ai an hana cin naman malamai, kuma addini ya yi umurni da rufin asiri. Haka ne, ba kuwa ƙaramar magana ba ce. Malami mutum ne, yana da rauni kamar kowa, kuma wanda ya mai da bin diddigin aibin mutane sana'a ya fi wanda yake bi ɗin lalacewa. Laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, wanda ya ɓoye shi bai cuci kowa ba, hanyarsa nasiha ce a asirce. Amma rufin asirin da dattawan ƙauyenmu suke kira, asirin wa aka rufe, aka bar wa a tsirara? Yaron nan maraya yana da haƙƙi. Imamu Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, daga ciki akwai kai ƙarar wanda aka zalunta da gargaɗin jama'a game da mai cutarwa. In aka ce darajar limanci ta hana maraya magana, to an mai da limanci garkuwar zalunci, wannan kuwa shi ya fi komai zubar da darajar da ake cewa ana karewa. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Akwai kuma haɗarin da ya kamata mu mutanen bakin iyaka mu fi kowa saninsa. Jama'ar da aka saba mata da cewa duk mai rawani da baƙin larabci ba a tambayarsa, ta zama ganima ga duk wanda ya ari kayan. Lakurawa da suka ɓulla a ƙasashen Tangaza da Gudu, da wa'azi da alkawarin korar ɓarayin daji suka shigo, sannan suka koma karɓar shanun mutane da sunan zakka. A watan Nuwamba na 2024 suka kashe mutum 15 a Mera ta ƙaramar hukumar Augie, a watan Janairu na 2025 kuma Babbar Kotun Tarayya ta ayyana su 'yan ta'adda. Abin takaici, Gudun nan ita ce inda Shehu ya yi hijira don gudun zalunci. A ɗaya hannun kuma, saurayin da ya yanke ƙauna daga malaman garinsu gaba ɗaya shi ne ya fi saurin faɗawa hannun baƙon da ya zo yana cewa shi kaɗai ne mai tsarki. Kun ga ke nan amsoshin nan biyu masu sauƙi, ta dattawa da ta samari, kowace tana iya kai mu ga rami guda.

Kada kuma mu wanke kanmu, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Limamin ƙauye ba shi da albashi. Sadakar suna da ta ɗaurin aure da ɗan damin da aka kawo masa da kaka su ne abincinsa, ga baƙi kullum a zaurensa. Mun ɗora masa ajiyar dukiya babu rubutu babu shaidu, muna ganin neman shaida a wurin malam rashin kunya ne, alhali littafin da yake karanta mana ne ya ce a yi hakan. A birane kuma muna gani 'yan siyasa suna raba wa malamai motoci da kujerun Makka, mun kuwa san in baki ya ci, ido kan ji kunya. Wannan ba uzuri ba ne ga wanda ya ci amana. Amma al'ummar da ta bar mutum da yunwa, ta ajiye masa nama a gaba, ta kuma haramta wa kowa leƙa tukunyar, tana da nata kason na alhaki.

Malamanmu na jami'a, Allah ya gafarta muku, ku ma da wannan suna muke kiranku, kuma ma'aunin nan bai tsallake ku ba. Malamin da ke sayar da maki, ko mai matsa wa ɗaliba, darasin nahawun da ya koyar yana nan daidai, digirin da ya sa wa hannu bai ɓaci ba. Amma bai cancanci a sake ba shi takardun jarrabawa ba, kuma wanda ya rufa masa asiri don kare sunan sashe ya yi irin abin da dattawan ƙauyenmu suka yi. Mu ɗalibai kuma da ke zagin malaman zaure, gobe mu ne alƙalai da shugabannin makarantu da masu riƙon baitulmali. Sau nawa aka ga mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi?

Daga ƙarshe, ga amsar da zan kai wa gwaggo in Allah ya kai mu hutu. Zan ce mata, Gwaggo, kwantar da hankalinki, auren ɗiyarki yana nan, sunayen jikokinki suna nan, addu'ar da aka yi wa mijinki tana wurin wanda aka roƙa. Dattawa kuma, in sun ba yaro izinin magana, zan roƙe su su kai maganar gaban hakimi da alƙali, a biya maraya shanunsa ko da gonar liman za a sayar, kada kuma a sake ajiye dukiyar kowa a hannun kowa sai da rubutu da shaidu. In ya biya ya tuba a bainar jama'a, ƙofar tuba a buɗe take, jama'a su duba ko za su ci gaba da binsa. In ya ƙi, a sauke shi ta hanyar da aka naɗa shi, a gabatar da wanda ya fi shi. Samari kuma su kwance rumfar zanarsu su komo sahu, domin masallacin na gari ne tun kafin a haifi liman, zai kuma zama na gari bayan an binne shi. Allah ya ba mu malamai masu tsoronsa, ya ba mu kuma ƙarfin halin gaya musu gaskiya cikin ladabi.